Me ya sa 'yar kyanwata take cizo, take kuma guje wa baƙi?

Tambaya: Assalamu alaikum. An ba ni 'yar kyanwa tana da mako 5 da haihuwa, yanzu ta kai wata uku. Idan ina wasa da ita sai ta cafke hannuna da cizo da yakushi, idan kuma baƙo ya shigo sai ta ruga ƙarƙashin gado. Shin mugun hali ne aka haife ta da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ba mugun hali ba ne. Abin da kike gani alama ce ta darasin da ba ta ƙarasa ba, domin an raba ta da uwarta da 'yan'uwanta tun lokacin yaye bai yi ba.

Ana haihuwar 'yar kyanwa idonta a rufe, kunnenta ba ya ji, ba ta iya ɗumama jikinta, kuma ko fitsari da kashi ba ta yi sai uwar ta lashe ta. Idon yakan buɗe a tsakanin kwana 7 zuwa 10, tafiya kuma ta fara a wajajen mako na 3. Daga mako na 4 uwar takan fara janye nono a hankali tana kawo musu mataccen ɓera, daga baya ta kawo mai rai, har yaye ya kammala a wajajen mako na 8.

A cikin wannan tsakani akwai lokacin da na fi so ki riƙe, wato daga mako na 2 zuwa na 7. Binciken Eileen Karsh a Amurka a shekarun 1980 ya nuna cewa a waɗannan makonni ne 'yar kyanwa take sabawa da ɗan'adam, kuma waɗanda aka riƙa ɗauka ana shafa su kullum sun tashi da sakin jiki fiye da waɗanda hannu bai taɓa su ba sai daga baya. Idan mutum ɗaya kaɗai ta sani a lokacin, to shi za ta amince da shi, baƙo kuwa ya zama abin tsoro. Gadon hali daga iyaye ma yana da nasa rabon, domin wata mai bincike, Sandra McCune, ta nuna a 1995 cewa 'ya'yan muzuru mai son mutane sun fi ƙarfin hali, ko da ba su taɓa ganin uban ba.

Cizon kuwa a wurin 'yan'uwa ake koyon iyakarsa. Ki lura da 'yan kyanwa biyu suna kokawa: ɗaya ta laɓe, ta lafe da ƙasa, ta girgiza bayanta, sannan ta daka tsalle ta danne 'yar'uwarta. Da zarar haƙori ya shiga da ƙarfi, wadda aka ciza sai ta yi ƙara ta bar wasan, kuma da haka mai cizon take gane cewa zafin cizo yana kashe wasa. Wannan kokawa takan kai ƙololuwarta a wajajen wata uku, daidai shekarun taki, sai dai ita ba ta da abokin kokawa face hannunki. Wani bincike na Jami'ar Helsinki a 2017 ya gano cewa yaye kafin mako na 8 yana ƙara yawan faɗa a kyanwa, shi ya sa a ganina bai kamata a raba su ba sai sun kai mako 12.

Duk da haka gyara yana yiwuwa. Ki daina yi mata wasa da hannu, ki ɗaura tsumma a jikin igiya ki riƙa ja a ƙasa tana bi tana cafkewa, sau biyu ko uku a rana. Idan ta cije ki, kada ki fizge hannun, domin abin da ke gudu shi take ɗauka abin farauta. Ki tsayar da shi, ki tashi ki bar wurin. Duka ko tsawa ba abin da za su ƙara mata sai tsoro. Baƙo kuma ya zauna a ƙasa shiru, kada ya zuba mata ido, ya ajiye ɗan abinci kusa da shi, a bar ta ta fito don kanta. Idan kuwa cizon ya zo da huci da kwantar da kunnuwa, ko tana kuka idan an taɓa wani sashe na jikinta, to ki kai ta wurin likitan dabbobi ya duba ko ciwo ne yake damunta.