Ga mai son binciken lafiya amma ba ta son aikin asibiti

Ƙanwata, kin ce kin gama digirin bayokemistiri a Jami'ar Jihar Kaduna, KASU, kina son binciken lafiya a ƙasar waje, amma ba kya son hulɗa da marasa lafiya. Hakan ba matsala ba ce, masu bincike da yawa ba sa taka ɗakin jinya. Sai dai ki fara zaɓa: ɗakin gwaje-gwaje ko aikin alƙaluma.

Idan gwaje-gwaje ne, ki sani jini da majina za su zo gabanki ko ba ki ga mai su ba, don haka ki yi rigakafin ciwon hanta nau'in B, allura uku cikin wata shida. Kafin ki nemi ko'ina, ki nemi gurbin sa-kai a cibiyar binciken ciwon barci da sammore, NITR, da ke nan Kaduna, ko wajen wani malami a ABU Zariya. Farfesan waje bai cika damuwa da kwasakwasan da kika ci ba. Zai tambaya ne ko kin taɓa ciro DNA, wato ƙwayar gado, da hannunki, kin yi PCR, gwajin da ke ninka DNA, kuma da samfurinki ya gurɓata, kin gano daga ina.

Ni dai alƙaluma zan ba ki shawara, don da kwamfuta da intanet kin fara daga gida. Manhajar R ta nazarin alƙaluma kyauta ce. Ki koye ta, ki ɗauki bayanan binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018, ki tsayar da tambaya guda, misali rigakafin yara a Arewa maso Yamma, ki yi nazari mai shafi biyar. Shi za ki liƙa a wasiƙar neman gurbi da za ki tura wa farfesa.

Inda aka fi tuntuɓe: wasiƙa ɗaya a tura wa farfesa hamsin, ba mai amsawa. Karanta aikin mutum tukuna. Kada ki biya mujallun bogi su buga miki aiki, ana gane su. Takardar sakamakonki kuwa ki neme ta tun yanzu, tana jan lokaci.

Batun kuɗi: tallafin karatu na Chevening na Birtaniya na buƙatar shekara biyu ta aiki, akwai kuma tallafin Commonwealth da na DAAD na Jamus. Digirin digirgir a Ingila shekara 3 zuwa 4 ne, a Amurka 5 zuwa 6, galibi da alawus. Gurbin da aka ce ki biya da aljihunki, ki bar shi ya wuce.