Sda lambar layi ce, ba sunan faifai ba

Ibrahim, jawo kujera ka zauna. Ka ce kwamfutar mai buga takardun nan na Jekadafari ta ƙi tashi tun da ka ƙara mata faifai, kuma ka rasa yadda sdb1 ya koma sdc1 alhali ba ka taɓa komai ba.

Ka ga sda da sdb ɗin nan da Linux ke kiran faifai da su (sdb1 kuwa ɓangaren farko ne na sdb)? Lambar layi ce kawai, kamar layin jarkoki a bakin famfo. In Linux ta tashi, faifan da ya riga amsawa shi take ba sda, na bayansa sdb. Ka bar filasha a soke kafin ka kunna, ko ka sauya wa wayar SATA rami, shi ke nan layi ya hargitse. Shi kuwa /etc/fstab, fayil ɗin da ke gaya wa Linux faifan da za ta haɗa in ta tashi, yana can yana jiran sdb1 a inda ya saba ganinsa.

Makiyayi ba ya gane saniyarsa da inda take tsaye a kara, shaidar jikinta yake dubawa. Shaidar kowane ɓangaren faifai ita ce UUID. Ana rubuta ta a cikinsa ranar da aka yi masa fomat, duk inda ka kai shi tana biye da shi. A ext4, wato tsarin fomat na Linux, haruffa da lambobi 32 ne, an yanka su 8-4-4-4-12. Buga blkid ko lsblk -f za ka gan ta. Ka kwafe ta, don Allah kar ka ce da ido za ka rubuta, ka sa UUID= da lambar a fstab a madadin /dev/sdb1. In faifan waje ne da ake cirewa, ƙara masa nofail, don kar rashinsa ya hana kwamfuta tashi.

Abu biyu ke cin yara. In ka sake fomat, lambar ta canza, sai ka koma fstab. In kuma ka juye faifai da dd, umarnin da ke kwafe faifai ɗungurungum, ka haifi tagwaye masu shaida ɗaya. Raba su da tune2fs -U random.

Har yau ina jin ciwon hotunan bikin wani bawan Allah da na goge ina sabon shiga, don na yarda da sdb ban duba ba. Ya zo karɓa da murmushi, na kasa ɗaga kai.

Tashi ka ɗauko kwamfutar. In ka gyara fstab, buga mount -a tukuna don ka gwada shi. Sai ka ga bai yi ƙorafi ba sannan ka kashe ka sake kunnawa.