Me ya sa 'yan Kanada suke kewar waƙoƙin rok na wajajen shekarar 2000 haka?

Tambaya: Assalamu alaikum Yaya. Ni ɗalibi ne a Ontariyo, ina kuma ɗan taɓa aiki a wani sito da yamma. Abokan aikina turawa ne da suka ba shekara 40 baya, kullum tasha ɗaya suke kamawa a rediyo mai saka tsofaffin waƙoƙin rok, in aka sako wata waƙar sai kaga kowa ya ajiye abinda yake yi ana bi baki ɗaya, ranar nan har ɗaya daga cikinsu idonsa ya kawo ruwa. Da na tambaya sai suka ce min wai Tragically Hip ne, wata kuma Our Lady Peace. Ni tun ina gida nake jin waƙoƙin turawa amma ban taɓa jin waɗannan sunayen ba. Su waye ne, kuma meye sirrin wannan ƙaunar?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanina, Allah ya ba da sa'ar karatu. Rashin jin sunansu da baka yi ba a gida shi ne rabin amsar tambayarka, domin ko a Amurka da take maƙwabciyarsu mutane da yawa basu san su ba. Ƙungiyoyin makaɗa ne da suka cika manyan filayen wasa maƙil a Kanada, amma da zarar sun tsallaka iyaka sai su koma yin wasa a ƙananan wurare, kuma wannan ɗin ne ya sa 'yan ƙasar suka riƙe su kamar 'ya'yan gida.

Bari in fara maka da doka, don duk wanda ya bar ta a baya bazai gane labarin ba. Kanada ƙasa ce mai faɗin gaske amma mutanenta a wajajen 2000 basu wuce miliyan 30 da 'yan kai ba, kuma yawancinsu suna zaune ne dab da iyakar Amurka, tashoshin Amurka suna shigo musu har ɗaki. Gwamnati ta ga in aka zura ido to mawaƙin gida bazai taɓa samun wurin numfashi ba, shiyasa a 1971 hukumar da ke kula da rediyo da talabijin, CRTC, ta wajabta wa tashoshi su riƙa saka wani kaso na waƙoƙin gida. An fara da kashi 30 cikin 100 a tashoshin AM, zuwa farkon 1999 aka ɗaga shi ya koma kashi 35, aka kuma ce dole a cika kason tsakanin 6 na safe da 6 na yamma a ranakun aiki, saboda da can wasu tashoshin dabara suke yi su tara waƙoƙin gida su zuba su cikin dare lokacin da kowa ya yi barci. Yadda ake gane waƙa ta gida ce kuwa abu huɗu ake dubawa, wanda ya tsara kiɗan, wanda ya rera, inda aka naɗa, da wanda ya rubuta baitocin, in biyu daga ciki na Kanada ne to ta shiga. In ka samu tsohon sidi na lokacin ka juya bayansa, sau da yawa zaka ga wani ɗan da'ira da aka raba gida huɗu da haruffa M A P L a ciki, to shaidar kenan.

Sai talabijin. A 1984 aka buɗe tashar MuchMusic a Toronto, daga 1987 gidanta ya koma kan titin Queen lamba 299, kuma ɗakin shirye-shiryen yana ƙasa ne dab da titi da manyan tagogi, yara su taru a waje suna leƙe suna ɗaga hannu ana nuna su kai tsaye, wani lokacin ma a buɗe tagogin mawaƙi ya yi wasa mutane sun tare hanya. A lokacin tashar tana da asusu da take ba sabbin mawaƙa kuɗin yin bidiyo, akwai kuma wani asusun mai suna FACTOR tun 1982 da yake taimakawa wajen naɗar waƙa. Kaga yaron da ya taso makaranta a Halifax da wanda ya taso a Calgary, tsakaninsu dubban kilomitoci, duk da sun dawo gida tasha ɗaya zasu kunna su ga fuskoki iri ɗaya.

Abinda na fi so ka riƙe a nan shi ne wani sidi da tashar ta fara fitarwa a 1996 mai suna Big Shiny Tunes, tarin waƙoƙin rok ne na shekara, kowace shekara sabo har zuwa 2009. Na biyunsa da ya fito a 1997 an sayar da sama da kwafi miliyan 1, ka auna wannan da yawan mutanen ƙasar. Hikimar da ke cikinsa ita ce ana jera ƙungiyar gida kafaɗa da kafaɗa da manyan Amurka da Ingila, waƙa na bin waƙa, yaro ɗan shekara 14 yana ji a ɗakinsa bai ma san wanne ne babba a duniya wanne ne sai a Kanada kaɗai aka san shi ba, duk ɗaya suke a kunnensa. Lokacin da nake zaune a Ontariyo maƙwabcina yana da wata tsohuwar mota, a jikin abin tare rana na gaban direba ya maƙala jakar sidi, har da wanda bayansa ya gama ƙarcewa yana tsalle a waƙa ta uku, amma ya ƙi yarda ya jefar, ya ce min shi ne abu na farko da ya saya da kuɗin guminsa yana sakandare. Ranar da ya saka min shi muna hanya ga ƙanƙara ta rufe gefen titi, kafin kowace waƙa ta fara ya riga ya fara rera ta, don ya haddace jerin yadda suke bin juna.

Toh su waye ƙungiyoyin. Our Lady Peace 'yan Toronto ne, mawaƙinsu Raine Maida yana da wata siririyar murya mai hawa sama ta hanci wadda in ka ji sau ɗaya bazaka manta ba, albam ɗinsu Clumsy na 1997 shima ya haura miliyan 1 a Kanada. A 2000 suka yi Spiritual Machines wanda suka gina kan littafin Ray Kurzweil game da ranar da kwamfuta zata kamo tunanin ɗan adam, har da muryarsa a tsakanin waƙoƙin, in ka saurare shi yanzu da ake ta zancen ƙirƙirarriyar basira sai jikinka ya yi sanyi. Akwai Matthew Good Band daga yankin Vancouver, albam ɗinsu Beautiful Midnight na 1999 a wurina shi ne mafi kyawun abinda wannan zamanin ya bari, waƙoƙi ne na mutumin da ya kasa barci yana kallon garinsu yana jin haushin komai, kuma har yau basu tsufa ba. Akwai Moist su David Usher, da I Mother Earth, da Big Wreck, da Sloan 'yan Halifax da dukkansu huɗun suke rubuta waƙa suna kuma rerawa. Sai The Tea Party 'yan Windsor, su kam inaga kunnenka zai fi saurin karɓarsu, don suna haɗa jita da kayan kiɗan Larabawa da na Indiya irin su udu da sita da ƙananan ganguna, har ana musu laƙabi da kiɗan Maroko. Wannan salon gaba ɗaya shi suke kira alternative, wato rok ɗin da ya ratse daga babbar hanya, duk da a ƙarshen shekarun 1990 shi ne ma ya zama babbar hanyar.

The Tragically Hip kuwa daban suke, sun girmi sauran, tun tsakiyar shekarun 1980 suka haɗu a garin Kingston, kuma albam ɗinsu 9 ne suka hau lamba ɗaya a Kanada. Abinda ya bambanta su shi ne mawaƙinsu Gord Downie da labarin ƙasar yake waƙa, da sunayen garuruwanta. Yana da waƙa kan Bill Barilko, ɗan wasan hokin ƙanƙara na Toronto da ya ci ƙwallon da ta basu kofi a 1951 sannan ya ɓace a haɗarin jirgin sama a wannan shekarar, ba a gano gawarsa ba sai 1962, shekarar da kulob ɗin ya sake cin kofin. Yana da wata kan David Milgaard da aka ɗaure shekara 23 kan kisan da bai aikata ba. Waƙarsu ta 1998 da suka sa wa sunan wani ƙaramin gari Bobcaygeon ita ta ci lambar yabo ta Juno ta waƙar shekara a 2000. Mutanen da suka tashi suna jin sunan garuruwan Amurka a kowace waƙa, rana ɗaya suka ji ana ambaton tafkin da babansu yake kai su kamun kifi, ai dole abin ya shiga zuciya.

Hawayen da ka gani kuma ina kyautata zaton daga nan ya taso. A watan Mayun 2016 aka sanar cewa Downie yana da kansar ƙwaƙwalwa wadda ba ta warkewa, maimakon ya kwanta sai suka fita zagayen bankwana. Wasan ƙarshe a Kingston aka yi ranar 20 ga Agusta 2016, tashar gwamnati CBC ta dakatar da nuna wasannin Olamfik da ake yi a lokacin ta haska shi kai tsaye ba talla ko ɗaya, mutum kusan miliyan 11.7 suka kalla ko suka saurara, kusan ɗaya bisa uku na ƙasar kenan. An kafa manyan allunan kallo a dandali da wuraren shaƙatawa a garuruwa da yawa. Ya fito cikin kwat mai ƙyalli da hula mai gashin tsuntsu, cutar ta taɓa masa ƙwaƙwalwa har sai da aka jera masa allunan da baitocin suke fitowa yana dubawa, waƙoƙin da shi ya rubuta su da hannunsa, in ya yi jinkiri jama'a su ɗauka masa. Firayim Ministan lokacin Justin Trudeau yana cikin taron, Downie ya juya ya yi masa magana kan halin da 'yan asalin ƙasar suke ciki a arewa. Ya rasu ranar 17 ga Oktoba 2017 yana da shekara 53, Trudeau ya yi kuka a gaban 'yan jarida yana ta'aziyya.

Abinda ya ƙara wa kewar zafi shi ne zamanin bai janye a hankali ba, kusan lokaci guda ya watse. Napster ya fito a 1999 yara suka koma sauke waƙa kyauta a intanet, cinikin sidi ya fara faɗuwa, babban kantin faifai Sam the Record Man ya karye a 2001, shagonsa na titin Yonge mai manyan fitilu masu siffar faifai shima aka rufe a 2007. Moist suka dakata, Matthew Good Band da Big Wreck suka rabu a 2002, The Tea Party a 2005. Our Lady Peace suka canza mai jita suka sauƙaƙa salonsu a albam ɗin 2002, sun samu karɓuwa a Amurka amma tsofaffin masoya da yawa har yau suna ganin a nan aka rasa wani abu, nima ina cikinsu. Waɗanda suka fasa kasuwar duniya a lokacin irin su Nickelback da Sum 41 da Avril Lavigne, waɗanda watakila su ka sani tun kana gida, sun zama na kowa da kowa, shiyasa ba a musu irin wannan begen na ɗan gida. Ita ma MuchMusic da YouTube ya zo a 2005 sai ta riƙa rage bidiyon waƙa tana cika lokaci da wasu shirye-shiryen daban.

Akwai masu cewa dokar kason nan ce ta ɗaga waɗanda basu kai ba, kuma gaskiya akwai 'yan waƙoƙin da ba don doka ba da basu sha iska haka ba. Amma doka rediyo ta tilasta wa, ba ta tilasta wa kowa ya ciro kuɗinsa ya sayi sidi ko ya tsaya cikin rana da laka a bikin Edgefest a Barrie tun safe har dare ba, wannan son ne ya kai su.

Ka haɗa da shekaru kuma. Wanda yake da 42 ko 45 yanzu, a tsakanin 1997 da 2001 yana sakandare ne ko farkon jami'a, lokacin motar farko da soyayyar farko da barin gida, kuma waƙar da mutum ya ji a wannan tsakanin ita ke manne masa har tsufa. Kai ma in aka sako maka waƙar fim ɗin Hausa ta zamanin kaset kana tsakiyar sanyin Ontariyo ka san inda zuciyarka zata tafi.

In kana so ka ɗanɗana, ka fara da Phantom Power na Hip, sai Clumsy, sai Beautiful Midnight, ka dai sani wasu waƙoƙin akwai ashar a ciki, kuma baitocin Downie sai ka nemi rubutunsu kana bi don turancinsa akwai zurfi. Gobe in kun fita hutun shan shayi ka tambayi wannan abokin aikin naka Big Shiny Tunes lamba nawa ya fara saya, sannan a ina yake a daren 20 ga Agustan 2016, ka gyara zama don zai daɗe yana baka labari.