Wai takardar Rasha za ta hana ka aiki a Amurka?

Ƙanena, karo na uku ke nan kana turo min tambaya ɗaya: ka samu gurbin karatun likita a Kazan, wani birni a Rasha, amma wai in ka zo Amurka daga baya za a ƙyamace ka saboda Rasha. Bari in amsa, ka bar ni in huta.

Yadda Amurkawa ke kallon Rashawa kamar farashin tumatir ne, yau sama gobe ƙasa. Dattawan da nake dubawa a asibiti sun taso ne a zamanin yaƙin cacar baka, ana koya musu ɓuya ƙarƙashin teburin aji ko da bam zai faɗo. A 1983 shugaban Amurka Reagan ya kira Tarayyar Sobiyet daular mugunta, a 1987 kuma ga shi da Gorbachev, shugaban Sobiyet, suna sa hannu kan rage makamai masu linzami. Da Sobiyet ta wargaje a 1991, mutanenta suka yi ta kwararowa. Je ka Brighton Beach a Brooklyn, allunan shaguna da yawa da rubutunsu ne. Wanda ake tsoro jiya ya zama maƙwabci, ya zama mai cire maka haƙori, sai tsoron ya sace jiki.

Sai Rasha ta afka wa Yukren a Fabrairun 2022. Wani mai gidan abinci a layinmu ya hau tsani ya goge sunan Rasha daga allonsa, alhali bawan Allah ɗan Odesa ne, a can Yukren. Abokin aikina kuwa ya daina amsa waya da Rashanci in muna cikin lif.

To amma kai wa ya ce za a ɗauke ka Barashe? Ni ma a can na yi shekara shida, babu majinyacin da ya taɓa tambayata. Abin da har yau yake min ciwo shi ne wata tsohuwa da ta dube ni, ina sanye da farar riga, ta ce in je in kira mata likita. Fata ta gani.

Abin tsoron shi ne ECFMG, hukumar da ke tantance likitocin da suka yi karatu a wajen Amurka, da jarrabawar USMLE ta neman lasisin aikin likita. Sun cinye min shekara uku, ina tuƙa tasi da dare. Kafin Baba ya sayar da gonar nan, ka tabbatar ECFMG ta amince da makarantar. Kuma ka nemi rigar sanyi ta gaske, ta Kantin Kwari ba za ta yi maka komai a Kazan ba.

Ka gaida Hajiya.