Ku Tambayi Malama: Rubutun Da Ke Cikin Jininmu

Yawancin wasiƙun da suka zo mini a wannan watan a kan gadon jini suke, daga ɗalibai da kuma waɗanda suka daɗe da barin aji. Na zaɓi huɗu. Sauran ku yi haƙuri sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.

Tambaya: Malama, ina aji biyar na sakandare, a Gwale muke. Na haddace cewa DNA ne ke ɗauke da bayanan gado, har zanensa na iya, amma tsakani da Allah ban san mene ne shi ba. Ana ganinsa, ko suna ne kawai a littafi?

Amsa: 'Yata, ana ganinsa, a kicin ɗin Ummanku ma. Ki samo ayaba nunanniya, ki ɓare rabinta, ki sa a leda ki dame ta da hannu har ta yi laɓo-laɓo. A rabin kofi na ruwa ki narkar da gishiri ƙaramin cokali, ki ƙara cokali ɗaya na sabulun ruwa na wanke-wanke, ki juya a hankali kada ya yi kumfa. Ki juye a kan ayabar, ki bari kamar minti goma, sannan ki tace da matacin shayi a cikin kofin gilashi. Dama kin sa sifirit, irin wanda ake sayarwa a kemis, a firji ya yi sanyi ƙarara. Ki karkata kofin ki tsiyaya shi ta gefe don ya zauna a sama. Ki nisanta shi da wuta, kuma kada ƙannenki su kai baki.

Ki zuba ido a inda ruwan biyu suka haɗu. Za ki ga wani farin abu yana tasowa, yana da yauƙi kamar majina, zare-zare. Ki sa tsinken sakace ki naɗo shi. Abin da kika naɗo DNA ɗin ayaba ne, haɗe da ɗan tarkacen da ya biyo shi. Sabulu ya fasa fatar sel, wato ƙananan ɗakunan da aka gina jikin kowane mai rai da su, domin fatar ta maiƙo ce. Gishiri ya sa zarurrukan suka manne da juna, sifirit kuma ya fito da su saboda ba sa narkewa a cikinsa. Duk shekara ina yin wannan da ɗalibaina, kuma duk shekara sai ajin ya yi tsit lokacin da farin zaren ya fara hawa tsinke. Wanda ya fara ware shi a duniya wani likita ne ɗan Suwizalan, Friedrich Miescher, a 1869, daga mugunyar da ke jikin bandejin majinyata a garin Tübingen na Jamus.

Da za ki iya ware silin zare ɗaya ki ƙara girmansa, za ki ga ya yi kama da tsani da aka murɗa kamar igiyar guga. Kowace matakala sinadarai biyu ne riƙe da juna, kuma iri huɗu ne kacal: A, T, G da C. A ba ya kama kowa sai T, G kuma sai C. Wannan ƙa'ida ita ce sirrin kwafi. In sel zai rabu biyu, tsanin yana tsagewa ta tsakiya kamar zif, kowane ɓari ya gina wa kansa abokin da ya rasa, sai ga tsani biyu iri ɗaya. James Watson da Francis Crick ne suka bayyana wannan siffa a Cambridge a 1953, sun kuma dogara da hotunan da aka ɗauka a ɗakin binciken Rosalind Franklin a Landan. Ta rasu a 1958, shekara huɗu kafin a ba da kyautar Nobel a kan aikin. Ina son 'yan matana su riƙe sunanta.

Haruffan da kika samu daga mahaifiyarki sun kai kusan biliyan 3, daga mahaifinki ma haka. In aka miƙe zaren da ke cikin sel ɗaya tak, ya kusa mita 2, tsayin ƙofar ɗaki. Ta yaya ya shiga wurin da ido ba ya gani? An naɗe shi ne kamar yadda tela ke naɗe zare a kwarkwaro, kuma kwarkwaron guda 46 ne, 23 daga uwa, 23 daga uba. Su ne kuromosom. Yankin zaren da ke ɗauke da umarnin haɗa wani furotin shi ne ƙwayar gado, kuma muna da irinsu wajen 20,000.

Tunda na kawo tela, mu ƙarasa a shagonsa. Maigida ba ya ba yaronsa littafin awon kwastomomi, yana nan a durowa. Sai dai ya kwafe awon riga ɗaya a 'yar takarda ya miƙa wa mai keke. DNA shi ne littafin, yana zaune a cibiyar sel. 'Yar takardar ita ce RNA. Keken ɗinkin shi ne ribosom, wanda ke karanta haruffan uku-uku, kowane uku ya kira amino asid ɗaya daga cikin 20, a jera su har furotin ya haɗu. In kin gane wannan shagon, kin gama da rabin babin da ake tambaya a WAEC da JAMB.

Tambaya: Malama, ni ɗalibi ne a Jami'ar Bayero. Akwai yarinyar da muka shekara uku tare, har manya sun shigo ciki. Mun yi gwaji, ni AS ita AS. Gwaggona ta ce ai ɗa ɗaya ne cikin huɗu yake zuwa da sikila, mu haifi uku mu tsaya. Haka ne?

Amsa: Ɗana, na karanta wasiƙarka sau uku kafin na ɗauki biro, don na san ba ƙaramin abu ba ne a zuciyarka. Gwaggonka ta ji maganar daidai, lissafin ne ya kuɓuce mata. Ɗaya cikin huɗun nan a kowane ciki yake, daga na fari har na auta.

Ga yadda nake nuna wa ɗalibai. Ƙwarya biyu, ta uba da ta uwa, kowace an zuba mata farin wake da jan wake daidai wa daida. Fari shi ne A, ƙwayar gado mai lafiya, ja shi ne S, mai sikila. Ja biyu, wato SS, shi ne yaron da zai zo da cutar. Yarinya ta rufe ido ta ɗauko ƙwaya ɗaya daga nan, ɗaya daga can, mu rubuta a allo, ta mayar, wata ta zo. In aka yi sau ɗari, ja biyu na fitowa wajen sau ashirin da biyar, fari biyu ma haka, rabi kuma gauraye. Amma na sha ganin ja biyu sun fito a ɗaukar farko, na ga sun fito sau uku a jere. Ƙwarya ba ta tuna abin da aka ɗauka ɗazu. Wannan lissafin Gregor Mendel ne ya fara gano shi, wani malamin coci a garin Brno, da ya yi shekaru yana barbarar wani nau'in wake a lambu, ya wallafa sakamakon a 1866.

Abin da ke ba ni tsoron Allah a cutar nan shi ne ƙanƙantar asalinta. A kuromosom na 11 akwai ƙwayar gadon da ke haɗa wani sashe na himogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar iskar numfashi a cikin jini. A wuri ɗaya, inda ya kamata a karanta GAG, sai aka samu GTG. Harafi ɗaya. Kai Bahaushe ne, ka san tazarar da ke tsakanin "bari" da "ɓari". Wannan sauyin ya sa amino asid na shida ya zama wani daban, sai himogulobin ya riƙa sandarewa in iska ta yi ƙaranci, ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje. Lafiyayyar ƙwaya tana kwana 120 tana aiki, mai lauje ba ta wuce kwana 10 zuwa 20, ga shi tana maƙalewa a ƙananan jijiyoyi. Daga nan ciwon ƙashi da ƙarancin jini da ɗorawar ido suke zuwa. Mai AS yana da kwafi ɗaya mai kyau da ke riƙe shi, shi ya sa kake lafiya lau. Yana ma samun kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, kamar yadda Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka a 1954. Dalilin da ya sa S ya yawaita a ƙasashenmu na sauro ke nan. A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da shi, kuma ana ƙiyasta jarirai 150,000 ake haifa da cutar duk shekara.

Ba daga littafi kaɗai na san wannan ba. Ɗan ƙanwata na fari, yana wata bakwai hannayensa da ƙafafunsa suka kumbura, ya kwana yana tsala ihu, ko taɓa shi ba a iya yi. Mun ɗauka fitowar haƙori ce ko sanyi. Yanzu ya girma yana makaranta, yaro mai kaifin basira, amma in hunturu ya kama, uwarsa da jakar asibiti a shirye take kwana. Na zauna da ita a benci da tsakar dare muna jiran a samo jini, tana jan carbi, ba ta iya kuka ma. Su ma sun yi gwaji kafin aure, wani ƙaramin ɗakin gwaji ya rubuta wa mijin AA, daga baya aka gano AS ne. Don haka ku sake gwajin a babban asibiti, kamar na Malam Aminu Kano ko na Murtala, ku nemi ganin likitan jini ku biyu tare. Tun 2024 dokar jihar Kano ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure, har da na jenotayif, amma kada ku yi shi don takarda kawai.

Kulawa ta inganta, akwai magunguna irin su hydroxyurea da ke rage tashin ciwon, akwai dashen ɓargo. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka sun amince da wani magani da ke gyara DNA ɗin majinyaci da fasahar CRISPR, sai dai kuɗinsa ya haura dala miliyan 2. In sakamakon ya sake fitowa AS da AS, shawarata ku haƙura da juna, ku rabu da mutunci. Na san da zafi. Da ɗan cikina ne ya tambaye ni, haka zan gaya masa.

Tambaya: Malama, ni da matata duk baƙaƙe ne, amma ta haifi yaro fari sol, mutane sun fara ƙananan maganganu. Daga wani magidanci a Fagge.

Amsa: Malam, ka toshe kunnenka. Launin fata ƙwayoyin gado masu yawa ne suke haɗuwa su yi shi, kuma kowannenku yana ɗauke da waɗanda ba su bayyana a jikinsa ba. Ka tambayi tsofaffin gidanku da nasu, da wuya a rasa wata kaka fara. Jarirai da yawa ma da haske ake haifarsu, su rine daga baya. Ya zo a hadisi ingantacce cewa wani mutum ya kawo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, irin wannan ƙorafi. Sai ya tambaye shi launin raƙumansa, ya ce jajaye ne, amma akwai mai ruwan toka a ciki, wataƙila wata jijiya ce ta asali ta jawo shi. Annabi ya nuna masa cewa ɗansa ma haka. Ka je ka ɗauki yaronka.

Tambaya: Malama, 'ya'yana biyar duk mata. Dangin miji suna goranta mini, wai ni ce ba na haihuwar maza. Daga wata uwa a Kurna.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya raya miki su, ya yi musu albarka. Cikin kuromosom 46 ɗin nan, biyu ne ke da alaƙa da jinsi. Mace tana da X biyu, namiji yana da X da Y. Ƙwan da ke fitowa daga jikinki X kawai yake ɗauke da shi, ba ki da Y ɗin da za ki bayar ko ki hana. Maniyyin namiji ne ya kasu biyu, rabi X rabi Y. In mai X ya riga isa, mace ce, in mai Y ne, namiji. Shi ma maigidan ba shi da ikon zaɓa, don haka ba na so ki mayar masa da gorin. Kuma kamar waken ƙwaryar nan, kowane ciki da lissafinsa: mata biyar a jere na faruwa a gida ɗaya cikin kowane 32 masu 'ya'ya biyar, ko kusa da haka.

Na san surukarki ba za ta karanta mujalla ba, kuma bai dace ki tsaya musu da ita ba. Kin ce babbar 'yarki tana aji shida. Wannan darasin yana cikin littafinta na bayoloji, da zanen X da Y a ƙaramin akwati mai gida huɗu. Wata rana bayan isha'i, in babanta ya ci abinci ya natsu, ki ce ta kawo littafin ta karanta masa shafin, kamar mai bitar jarrabawa.