Jami'ar Amurka ta ba 'yata tallafi kaɗan, za mu iya neman ƙari?

Tambaya: Malam, 'yata ta samu gurbi a jami'o'i biyu a Amurka. Wadda take so ta ba ta tallafin ƙwazo na dala 18,000 a shekara, ɗayar kuma 25,000. Ina tsoron in mun nemi ƙari su ga rashin godiyarmu su janye. Wani ejan kuma ya ce in biya shi ya haɗo mana takardar wata jami'a mai nuna 40,000 mu matsa musu da ita. Daga wani uba a Kumasi.

Amsa: Alhaji, kwantar da hankalinka. Roƙo cikin ladabi ba ya sa a janye gurbi, iyaka su ce babu. Yarinyar ce za ta rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai da kanta, tun kafin 1 ga Mayu, ranar da yawancin jami'o'in can ke jiran amsa. Ta haɗa da takardar 25,000 ɗin nan ta gaskiya da sabon sakamako in akwai, ta faɗi adadin da zai cike giɓin, ta ce in an ƙara za ta zo. Amma ku fara lissafa abin da zai fito daga aljihunka: 25,000 a makarantar da ke cin 60,000 ba ta kai 18,000 a mai cin 45,000 sauƙi ba. Ku kuma tambayi makin da za ta riƙe kafin a sabunta mata kowace shekara.

Sai batun ejan, wanda wallahi na gaji da shi. Kusan kullum sai an kawo mini irin wannan takarda. Ta ƙarshen da na gani, an rubuta rana kafin wata, alhali Amurkawa wata suke farawa da shi. In ni da ke zaune nan na gano, ina ga wanda aikinsa ke nan? Jami'o'i da yawa suna wallafa iyakar tallafinsu a shafinsu, kuma saƙon imel ɗaya ya isa a tabbatar. Wani ma sai ya liƙa sunan Harvard ko Yale don burgewa, bai san su ba sa ba da tallafin ƙwazo sam ba, sai na buƙata. 'Yarka ta sa hannu a takardar neman shiga cewa duk abin da ta miƙa gaskiya ne. Ranar da asiri ya tonu, ko tana aji biyu za a iya korarta, takardar I-20 ɗinta (wadda jami'a ke ba ɗalibin ƙasar waje don bizar karatu) ta mutu, ta tattaro kayanta. Shi kuwa ejan ya canza layin waya. Ka yi mata tarbiyya shekara goma sha takwas, sannan da kuɗinka ka saya mata ƙarya? Ku je cibiyar EducationUSA, mai ba da shawara kan karatu a Amurka, ta Kumasi ko Accra a duba muku wasiƙar kafin ta tura.