Amsa ga mai tambaya kan yaron da ke ture kayan lambu

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da warhaka. Ƙanwata, na saurari saƙonki har ƙarshe. Kin ce yaronki ɗan shekara 3 ba ya taɓa kayan lambu, a 'ya'yan itace ma ayaba kaɗai yake karɓa, da ya hango kore a faranti sai ya ture, kuma kina son a faɗa miki maganin cin abincin da za ki saya masa. To ni dai ba zan kira miki sunan magani ba. Abin da na ji a muryarki tsoro ne, kina son ki san ko lafiyar yaron nan ƙalau. Ta nan zan fara.

In yana wasa, yana guje-guje, nauyinsa a katin asibiti yana hawa ko da a hankali, to ki kwantar da hankalinki. Jariri a shekararsa ta farko nauyinsa ninkawa yake har sau uku, shi ya sa kike ganin yana ci kamar ba zai ƙoshi ba. Da ya wuce shekara 2 sai girman ya lafa, wajen kilo 2 kawai yake ƙarawa a shekara, dole cin ya ragu. Sannan tsakanin shekara 2 zuwa 6 yawancin yara suna shiga ƙyamar duk abincin da ba su saba da shi ba. Ga shi da son zaƙi ake haihuwar yaro, kuma harshensa ya fi namu jin ɗaci. Alayyafon da ke kike ji daidai, shi a bakinsa da ɗaci. Ba taurin kai yake miki ba.

Yauwa, kafin mu je ga faranti, ki lissafa min abin da yake sha a wuni. Nan ne matsalar take a gidaje da yawa, kuma abin nan yana ci min tuwo a ƙwarya. Yaro ya tashi a ba shi madara kofi guda, da hantsi a miƙa masa lemon kwali, kafin azahar biskit, ya yi kuka a ƙara madara, sannan a ajiye masa karas a ce ya ƙi ci. To ina zai sa shi? Cikin nan nasa ƙarami ne fa. Madara a wannan shekarun, wajen rabin lita a wuni ta ishe shi, wato kofi 2. In ta yi yawa tana toshe ci, kuma tana iya jawo ƙarancin jini, don madarar shanu ba ta da sinadarin ƙarfe sosai, ga shi ta hana shi cin abin da ke da shi.

Shi kuma lemon kwali, don Allah a daina lissafa shi cikin 'ya'yan itace. Hoton mangwaro ko lemu a jikin kwali ba ya nufin yaro ya sha mangwaro. Da yawansu ruwa ne da sukari da ƙamshi. Ko wanda kika matse da hannunki ma, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tun 2017 ta ce kada a ba jaririn da bai kai shekara 1 ba, daga shekara 1 zuwa 3 kuma kada ya wuce mililita 120 a wuni, rabin kofi ke nan. Ki duba mana, kafin ki cika kofi sai kin matse lemu 2 ko 3, yaro ya shanye cikin minti ɗaya, naman lemun da zare-zarensa da ke sa bayan gida ya yi laushi kuma kin zubar. Amma ki ɓare masa lemu ɗaya ki cire 'ya'yan, zai daɗe yana tsotsa yana tauna. Sannan a zo ana kukan haƙoran yara sun lalace, alhali kofin zaƙi yana hannunsu daga safe har dare. To bari in bar wannan, in ba haka ba ba za mu gama ba.

Abin da za ki yi shi ne ki tsara masa lokaci. Babban abinci sau 3, ɗan abin taɓawa sau 2, tsakanin kowanne awa 2 zuwa 3, kuma a tsakanin nan ruwa kawai. Kwana biyu ko uku na farko zai yi rigima, ki daure, ba yunwa kike horar da shi da ita ba, abinci na gaba yana tafe ba da daɗewa ba. Kowane zama kada ya wuce minti 20 zuwa 30. A zaune, babu waya, babu talabijin, kuma ba a bin sa da cokali daga ɗaki zuwa ɗaki. Lokaci ya cika ki ɗauke faranti ba faɗa ba tsaki. Wata dabara kuma, minti 10 kafin babban abinci, lokacin da yake zagayen ki yana jin yunwa, ki ajiye masa ɗan yankan kokwamba ko kankana ko tumatir. A lokacin ne ya fi sauƙin karɓa.

Yawan abin da za a zuba kuma, iyaye suna cika wa yaro faranti har ya tsorata tun kafin ya fara. Ma'aunin da aka saba aiki da shi, cokali ɗaya ga kowace shekara daga kowane irin abinci. Babban cokali nake nufi, na cin abinci, ba na shayi ba. Ɗan shekara 3, cokali 3 na kayan lambu. Wannan ma ga wanda ya riga ya saba da shi ne. In sabo ne, yanki ɗaya tak, ƙarami, a gefen abincin da kin san yana ci. Kullum ya zama akwai abu ɗaya a farantin da ya yarda da shi, don kada ya tashi da yunwa, amma kada ki tashi ki dafa masa wani daban don ya ƙi. In kika yi haka sau ɗaya ya gane hanya.

Kuma kin ce kin gwada ya ƙi. Sau nawa? Yawanci sau 2 ko 3 ake gwadawa a ce ba ya so. Yaro yakan buƙaci a kawo masa abu ɗaya sau 10, wani har 15, a ranaku daban-daban, kafin ya yarda da shi. In ya taɓa da yatsa, ci gaba ne. In ya shinshina ko ya lasa, ci gaba ne. In ya sa a baki ya tofar, ki bar shi, ki ma ajiye masa inda zai tofar, don yaron da ya san ba za a tilasta masa haɗiyewa ba shi ne yake yarda ya ɗanɗana. Wata masaniyar abinci a Amurka, Ellyn Satter, ta raba aikin gida biyu: uwa ce ke zaɓar abin da za a ci da lokaci da wuri, yaro kuma shi ke da ikon ko zai ci da yawan da zai ci. Ki riƙe naki rabon, ki sakar masa nasa.

Bari in ɗauki karas, don shi ne ake yawan cewa yaro ya ƙi. Wane karas ya ƙi? Ɗanye mai tauri wuya yake ba shi wajen tauna. Wanda aka dafa har ya yi lugub kuma ba ɗanɗano, ga santsi a baki. Ki yanka shi dogo-dogo kamar yatsa, ki turara minti 6 zuwa 8, ya yi laushin da za ki iya latsa shi da yatsu biyu amma bai narke ba. Bayan kwana biyu ki goga shi ɗanye siriri. Wani karon ki shafa masa ɗan mai ki gasa har gefensa ya fara ja, gashi yana fito da zaƙinsa. Man nan kuma yana da amfani, sinadarin da ke karas wanda jiki ke mayarwa bitamin A sai da ɗan maiƙo yake shiga jiki sosai. Kabewa ma haka. Ganye kuwa, ruwa kaɗan, minti 3 zuwa 4, a sauke yana nan kore shar. In ya daɗe a wuta ya yi duhu, bitamin C ya tafi, warinsa kuma ya ƙaru. Kada ki yanka karas zagaye kamar kwabo ki ba shi ɗanye, yana shaƙe yaro. Inabi a tsaga shi gida huɗu ta tsawo, tuffa a yanka falle-falle siriri ko a goga, har sai ya kai shekara 5. Kuma ba a ci a guje ko a kwance.

Ayabar da kika raina, ita ce tsaninki. Tunda yana son abu mai laushi da zaƙi, ki matsa zuwa gwanda nunanniya, sannan mangwaro, sannan kankana, daga nan gasasshiyar kabewa. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2023 ta ce yaro ɗan shekara 2 zuwa 5 ya samu aƙalla giram 250 na 'ya'yan itace da kayan lambu a wuni. Ayaba matsakaiciya ta kai giram 100, karas ɗaya wajen 60, ki ƙara rabin lemu da ɗan tumatir, kin ga an kai. Dankali da rogo dai ba sa cikin lissafin.

Wata a nan ta ce a markaɗa a ɓoye cikin miya. Ba laifi, ki yi, zai samu amfanin. Sai dai hakan ba ya koya masa cin abin, don bai gan shi ba. A haɗa biyun, na cikin miya da ɗan yankin da yake gani a gefe. In ya tambaya me ke ciki ki faɗa masa gaskiya, don ranar da ya gano an yaudare shi har miyar zai daina ci. Ki sa shi ya wanke tumatir, ya ɓare ayaba, ya zaɓa tsakanin abu biyu, karas ko kokwamba. Kada ki tambaye shi ko zai ci, amsar a'a ce. Ke da babansa kuma ku ci a gabansa, daga faranti irin nasa.

Abu biyu ne nake roƙo a bari. Cin hancin "in ka cinye zan ba ka alawa", wannan koya masa kike cewa alawar ce abin so, ganyen kuma wahala. In za ki yaba, ki yaba da baki ko tafi don ya ɗanɗana. Na biyu ɗura. A danne yaro a toshe masa hanci yana kuka, abinci zai iya bin hanyar numfashi ya shiga huhu, kuma an yi asarar yara ta haka. Ko ya tsira daga wannan, ya tsani zaman cin abinci.

Maganin da kika tambaya kuma, ki juya kwalbar ki karanta, da yawansu za ki ga an rubuta cyproheptadine. Asalinsa maganin ƙaiƙayi da borin jini ne, yana sa barci, yana buɗe ci. Amma cin da zai buɗe na biskit da madarar da ya saba ne, ba zai sa shi son kabeji ba. Kada ki ba shi sai likita ya duba shi ya rubuta.

Inda za ki tafi asibiti ba jira: nauyinsa ya tsaya ko yana sauka, tafin hannunsa da cikin fatar idonsa sun yi fari, yana cin ƙasa, yana yunƙurin amai ko shaƙewa duk lokacin da abu mai gari-gari ya shiga bakinsa, bayan gida yana masa tauri da zafi, ko abincin da yake karɓa gaba ɗaya bai kai kala 20 ba kuma kullum raguwa suke. Taurin bayan gida ma kaɗai yana kashe ci, a fara gyara shi.

Yanzu ki rubuta duk abin da ya shiga bakinsa na kwana 3, har da madara da lemo da ƙarfe nawa aka ba shi, ki haɗa da awon nauyinsa biyu na ƙarshe, ki turo min ta gefe in duba.